Rasuwar Ɗan Birni, Sitiriyon da Aka Ɗora wa Ƙwaryar Kindirmo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda in za a faɗi gaskiya rabinsa tashin zuciya ne, Uwani ta gidan Malam Armaya'u malamin gona, a nan Batsari, take sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan zaman maigidanta rasuwar sitiriyon gidan, wanda aka fi sani da Ɗan Birni. Ya rasu da hantsin ranar Talata, a tsakiyar sanyin bana, bayan jinyar fiye da wata guda, jinyar da kowa a gidan ya ji warinta amma aka rasa mai faɗin dalilinta. Ya yi shekara biyu da 'yan watanni a hannun iyalin. Ba za a ara masa kalmomin da ake faɗa wa mamatan gaske ba, domin waɗannan na 'yan Adam ne, shi kuwa katako ne da waya. Sauran ladubban sanarwa dai za a cika masa su, don kada wani ya ce an rage masa haƙƙi.

Marigayin ya iso Batsari a shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, lokacin da kowa ya hau mota zuwa Kano ya dawo da abin da ya fi ƙarfin ɗakinsa. Wasu babur, wasu agogon bango. Malam shi kwali uku ya dawo da su ɗaure a saman bas. A ciki akwai uwar jiki mai rediyo da gidan kaset, sai lasifika biyu, kowace ta kai ƙugun babban mutum. Da yake unguwar ba wutar lantarki, aka haɗa shi da batirin mota, ana kai batirin caji garejin bakin tasha.

Za a faɗi alherinsa, domin yana da shi. Murya gare shi, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. In aka murɗa makunninsa sai ya ce “tas”, ya ɗan yi gurnani “huuum” kamar dattijon da ke gyara zama, sannan magana ta fito tangaran, kai ka ce mai karanta labarai yana zaune kan tabarmar ɗakin. Ta bakinsa mutanen unguwa suka riƙa jin ganin watan azumi da saukar alhazai. Ranar da Uwani ta tare, shi ya yi kiɗan, har matan ƙauye suna leƙa bayan lasifika suna neman inda makaɗan suka ɓuya. Bai taɓa ƙin baƙo ba. Duk wanda ya zo da kaset a aljihu, ko ya sha rana ya kumbura, marigayin zai haɗiye shi ba gardama.

Wannan haƙurin nasa ne aka yi ta ci da shi.

A cikin kwalin akwai wani ɗan littafi. Malam ya juya shi sau biyu, ya ce shi da ya iya kwance famfon feshi ba ya buƙatar Bature ya koya masa murɗa maɓalli, ya jefar. Bayan ta tare, Uwani ta tsince shi yashe a bayan murhu. Ta gama aji bakwai, Turancinta bai kai na littafin ba, amma hotunan ba sa buƙatar Turanci. An zana kofin ruwa a kan na'urar an soke shi. An zana ƙyalle ya rufe ramukan shan iska an soke shi. An zana tebur mai karkata, shi ma an soke. An nuna waya tana bin gindin bango, jan baki ga jan baki, baƙi ga baƙi, kuma a kashe kafin a taɓa komai a baya. An nuna yatsa yana rage murya kafin a kunna. Abu shida ne, yaron goye ma in an nuna masa zai gane.

Cikin shidan nan ba wanda aka yi wa marigayin ko guda. An ɗora shi a kan wani siririn tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya, aka tokare ƙafar da tsingaro. Lasifikar dama aka ɗora ta kan garwar kananzir da aka kife, ta hagu kuwa kan kujerar tsugunno, wai don murya ta hau sama. Wayoyin da suka haɗa su aka bar su suna lilo a tsakar ɗaki, ɗaya ma ta gitta bakin ƙofa. Inda waya ta gaza, da haƙori aka fere bakinta, aka murɗa da wata, aka naɗe da leda. Batirin yana ƙarƙashin tebur a kan tabarma, kawunansa sun yi wani farin gari kamar gishiri, ruwansa yana tsattsafowa. A sama kuma aka lulluɓe uwar jikin da ƙyalle mai surfani, domin abu mai daraja ba a barinsa tsirara. Duk la'asar abokan Malam su cika ɗakin, a ƙure murya, har kwanukan jeren Uwani a ɗaki na gaba su kama rawa suna ƙara.

Duk wannan Uwani ta haƙura da shi muddin ƙafafun manya ne kaɗai ke shiga ɗakin. Sai Allah ya ba ta haihuwa, mace, 'yar fari.

A nan ne ya kamata masu karanta sanarwar nan su ɗan tsaya, ko da yake sun san abin da za a faɗa. Dangin Malam mutanen Tsaskiya ne, masu shanu, kuma a wurinsu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunan 'yar farinta. Ba ta ɗaukarta tana wasa da ita a gaban manya, ba ta nuna ta damu da kukanta. In yarinya ta faɗi, sai dai uwar ta kawar da kai wani ya ɗauka. Uwani ta riƙe wannan tun ranar suna, “yarinyar nan” take cewa, ko “waccan”. Saboda haka da yarinyar ta fara rarrafe, ta kuma gano cewa duk gidan ba abin da ya kai wayar da ke lilo daɗin ja, ba abin da ya kai farin garin batiri kama da abin lasa, uwarta ba ta da bakin da za ta ce tana jin tsoro. Sai ta riƙa aron bakin marigayin. Ta ce wa Malam teburin nan zai kayar masa da kaya. Ta ce wayoyin nan in aka taka su muryar za ta lalace. Ta ce a ɗaga batirin a sa shi cikin akwati don kada sanyin ƙasa ya sha masa wuta. Malam ya ji daɗi ƙwarai. Ya gaya wa abokansa cewa ya yi dace, iyalinsa ta fi shi son sitiriyon nan. Bai dai gyara komai ba. Ranar da wannan yabon ya dawo kunnen Uwani, tuwon da ke gabanta bai ciyu ba.

Da sanyi ya shigo bana, mahaifiyar Malam, Inna Hansai, ta zo daga Tsaskiya don ta ɗan zauna a duba mata gwiwa a asibiti. Inna ba ta iya kwana uku ba ta kafa nono ba, don haka ake aiko mata da madara daga ruga. Amma sanyi ya hana kindirmonta kamawa, sai ya kwana ya wuni yana nan tsararo. Wata rana tana zaune a ɗakin ta dafa saman marigayin don ta miƙe, ta ji ɗumi a tafin hannunta, ɗumi daidai, irin na jikin saniya. Washegari da safe aka ga ƙwarya rufe da faifai zaune a kan ƙyallen surfanin. Kafin azahar kindirmo ya kama, har cokali yana tsayawa. Daga ranar Inna ta kamu da son shirin gaishe-gaishe na rediyon Kaduna. Ta ce wa ɗanta ya riƙa barin rediyon a kunne in zai tafi ofis, ko za ta ji an gaishe ta. Matar da ba ta san kowa a Kaduna ba. Batirin da ke yin mako ya koma kwana biyu, Malam ya yi ta faɗa da mutanen gareji wai ba sa cika masa caji.

Uwani ta ɗauko littafin ta nuna wa Malam hoton kofin da aka soke. Ya duba, ya ce ai wannan kofi ne, na Inna ƙwarya ce, kuma a rufe take. Ta kai wa Inna maganar a kaikaice, cikin ladabi, tana durƙushe. Inna ta ce ita ta shekara hamsin tana kafa nono ko ɗigo bai taɓa zubar mata ba. Ƙwaryar kuwa tsohuwa ce, an ɗinke ta a gindi, kuma ɗinkin yana tsiyaya. Ƙyallen surfanin ya shanye, abin da ya rage ya bi ramukan shan iska ya gangara ciki, kullum, kusan kwana arba'in.

Jinyar ta fara da dishewar murya. Mai labarai ya koma magana kamar mai mura. Daga nan lasifikar hagu ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, “ƙyas, ƙyas, ƙyas”. Sai wari. Da fari kamar tsamin ƙwaryar da ba a wanke ba, daga baya kamar ɓera ya mutu a rufin ɗaki. Abokan Malam suka riƙa duban juna, kowa yana zargin takalmin ɗan uwansa. Maganin da Malam ya ga ya dace shi ne ya kawo kwalbar turare ya tsiyaya ta cikin ramukan nan. Wanda bai taɓa shaƙar ruɓaɓɓen nono da turare sun yi ɗumi tare ba, Uwani tana yi masa fatan ya ƙare rayuwarsa a haka. Kaset ya riƙa fitowa da maiƙo. Ran nan aka danna gidan kaset ya buɗe, kyankyasai biyu suka fito a natse, suka duba jama'a, suka koma.

Ga yadda ajalin ya zo. Malam yana ofis. Inna tana zaune kan tabarma a ɗakin, rediyo yana ta ƙyas-ƙyas, ƙwarya tana bisa mazauninta. Uwani tana wanki a tsakar gida, ta bar yarinyar a wurin kakarta, domin ba ta da hujjar hanawa. Ta zo wucewa da bokiti ta ƙofar ɗakin sai ta ji Inna tana dariya tana tafi, wai ɗiyar nan ta miƙe. Ta leƙa. Yarinyar ta miƙe kuwa, tsayuwarta ta farko a duniya, hannu bibbiyu riƙe da wayar da ta taso daga lasifikar dama zuwa bayan uwar jiki. Garwar tana karkatowa. Tsingaron ya riga ya fice daga ƙarƙashin ƙafar tebur.

Uwani ba ta tuna ajiye bokitin ba. Ta dai san ta kira sunan yarinyar, da ƙarfi, a gaban surukarta, sunan da wata goma ba ta furta ba. Ta fizge ta da hannu ɗaya ta yi baya da ita. Lasifikar ta sauko da kusurwa ta daki daɓen ɗakin daidai inda kan yarinyar yake. Tebur ya bi, uwar jiki ta bi, ƙwarya ta bi. Ƙafar tebur ta ture batirin, ruwansa ya malala a tabarma, wayoyin suka haɗu suka yi tartsatsi. Marigayin ya ce “gwarrr”, ya ce “fut”, wani siririn hayaƙi ya fita ta ramukansa. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe.

Yarinya tana kuka, uwarta tana rungume da ita tana laluben kanta da yatsu, a fili, ba kawar da kai. Inna ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, “Yau dai na ji sunan jikata a bakin uwarta.” Uwani ta sunkuyar da kai tana jiran sauran faɗan. Inna ta ja jiki a hankali saboda gwiwa, ta ture lasifikar, ta sa yatsu uku cikin ramin da kusurwar ta yi a daɓe. Yatsun suka shige har gaɓa ta farko. Ko ƙwaryar ba ta tambaya ba. Kafin la'asar inda ruwan batirin ya taɓa tabarma ya zama rami, haka ma gefen zanen Uwani.

Malam da ya dawo ya ga gawa, abin da ya fara tambaya shi ne ko ba wanda ya yi ƙoƙarin tarewa. Aka nuna masa ramin daɓen. Ya ɗauki yarinyar ya riƙe ta har magariba, wannan za a faɗa don a yi masa adalci. Amma ranar kasuwa sai ga shi da Lado mai gyaran rediyo, wanda ke zuwa daga Safana da jakar kayan aikinsa. A zaure aka kwance marigayin. Uwani ba ta je ba, warin ne ya zo mata har madafa. Daga baya aka shigo da shi tsakar gida don a kakkaɓe, ta gani da idonta, kuma tana roƙon masu karatu gafara in suna cin abinci. Cikin ya cika da wani abu ruwan ɗorawa mai kauri, ya daskare a kan wayoyi, ya yi gashi kore a gefe. Tsutsa na motsi a cikinsa. Kyankyasai kuwa gari suka kafa, manya da ƙanana da ƙwai jere kamar wake, suka watse cikin gida ta ko'ina, kaji suka yi sallah. Lado ya toshe hanci da hularsa ya ce, “Malam, shekarata goma sha ina buɗe rediyo, ban taɓa ganin wanda ya yi man shanu ba sai naka.”

Da a nan ya tsaya da ba a rubuta sanarwar nan ba. Amma ya ƙara da cewa in aka kankare, aka shanya, aka aika Kano aka nemo wasu 'yan kaya, mai yiwuwa ya tashi. Tun ranar abokan Malam suke sintiri a zaure suna cewa ai yana gyaruwa, ai irinsa ba ya mutuwa, ai teburin ma ƙusa biyu yake so. Uwani tana jin su ta katanga. Yarinyar kuwa yanzu ta iya tsayuwa, kuma duk abin da ta gani yana lilo sai ta kama.

Saboda haka ake sanar da kowa, a rubuce: Ɗan Birni ya rasu. Ba suma ya yi ba, ba jinya yake ba.

Ya bar lasifika biyu, ɗaya da tsagaggiyar fuska. Ya bar batiri guda, wanda ba za a yi wa ta'aziyya ba domin da hannunsa a ciki. Ya bar kaset cike da kwali, mafi yawansu na aro, masu su su zo su ɗauka su wanke hannu bayan sun taɓa. Ya bar ƙyallen surfani da ko almakashi ya ƙi shiga. Ya bar 'ya'ya da jikoki masu ƙafa shida da ba su ƙirguwa, waɗanda suka tare a madafar Uwani ba da gayyata ba, kuma take bin su da ruwan zafi har yau. Ya bar Malam, wanda ake roƙon Allah ya ba shi haƙuri. Ya bar Inna Hansai, wadda ta koma naɗe ƙwaryarta da tsohon bargo kamar yadda uwarta ta koya mata, kindirmon kuma yana kamawa, sai dai a jira shi.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ranar kasuwa mai zuwa, da hantsi, Lado zai ɗauki uwar jikin a bayan babur ya tafi da ita Safana, ya cire abin da zai yi wa wasu rediyoyin amfani, a kan alkawarin ba zai haɗa ta ta dawo ba. Ba za a jefar da komai a bola ba, domin yaran unguwa a can suke tone-tone. Batirin za a mayar da shi gareji a tsaye, a cikin kwali, ba za a zubar da ruwansa a gida ko kusa da rijiya ba. Tabarma da ƙyalle za a haƙa rami mai zurfi a bayan gari a binne su. Wayoyin an naɗe su an rataye inda ko Malam sai ya taka turmi. Akwatunan lasifika za a cire cikinsu a kwantar da su a ƙasa, kaji su yi ƙwai.

Za a karɓi gaisuwa a zaure, kwana ɗaya tak, ba abinci, domin har yanzu ba mai marmarinsa a gidan. Mai zuwa ya ce Allah ya ba da haƙuri, an gode. Wanda ya zo da “ai yana gyaruwa” za a shigar da shi ɗakin ya tsuguna ya sa yatsunsa a ramin daɓen nan. Ba za a cike ramin ba. Inna ce ta hana, ta kuma dangwala yatsa a ƙasan takardar nan don shaida.

In Allah ya hore wa Malam magajin marigayin wata rana, Uwani ba ta hana ba, ita ma tana son jin labarai. Amma zai zauna a kan kanta da kafinta ya kafa a bango, sama da kan mutum, ramukansa a buɗe, ba ƙyalle, ba ƙwarya, ba kofi. Lasifika a ƙasa, jingine da bango, a ɗaure. Waya ta bi gindin bango a danne ta da ƙusa. Batiri a cikin akwati mai murfi da kwaɗo. Murya daidai yadda mai magana a ɗakin zai ji kansa. Littafin yana nan a ƙasan akwatin Uwani, za a bi shi hoto bayan hoto. Kuma wannan karon ba za ta ce don kada kaya su lalace ba ne. Kayan ba su dame ta ba, ba su taɓa damunta ba.

Wadda ake yi dominta tana nan lafiya, haƙoranta huɗu, jiya ta yi taku biyu ba ta riƙe komai ba. Sunanta Kulu. Duk mai zuwa gaisuwa ya tambaye ta da sunan nan, uwarta za ta amsa.